Yaushe ake juye tankin masai na mota mai ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a Agege. Maigidana ya sayo mota tokumbo irin mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, ni nake kula da ita. Fitilar tankin masai kullum tana nuna ya cika, ko da jiya na juye shi. Ta yaya zan gane lokacin da ya kamata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Da farko ka daina dogaro da fitilar nan. Na'urar da ke auna cikar tankin wasu 'yan ƙarafa ne a jikin bangonsa, kuma da zarar takarda ko dauɗa ta manne musu, sai su riƙa nuna ya cika alhali babu komai. A tsohuwar mota wannan ba abin mamaki ba ne.

Ban da na ruwa mai tsabta, tankunan ƙazanta biyu ke ƙarƙashin irin motar nan: na masai, da na ruwan wanka da wanke-wanke da alwala. Na masai ake juyewa in ya kai kashi biyu cikin uku. Kada ka yi gaggawa. In ka buɗe shi yana da ɗan abu kaɗan, ruwan zai tsiyaye ya bar kaurin a baya, ya bushe ya yi tudu daidai ƙarƙashin bakin masai. Cire wannan tudun wahala ce da ba na yi wa kowa fatanta. Nauyin ruwan da ya taru shi ke turo komai waje da ƙarfi.

In bututun masan ya sauka miƙe cikin tanki, ka kashe famfon ruwa, ka taka fedar da ke buɗe ramin masan, ka haska tocila ka gani da idonka. Sannan ka saurara. Ranar da ka taka ka ji ya yi kamar gyatsa, iska ta taso da wari, to ruwa ya kusa toshe bututun shan iskar tankin, ranar za a juye ba gobe ba.

Mu da muke tsarki da buta, tankinmu ya fi na masu takarda saurin cika, amma hakan alheri ne, don ruwa mai yawa shi ke hana toshewa. Ka ƙirga kwanakin da ya ɗauka sau biyu ko uku da adadin mutanen da ke ciki, za ka san lissafinka.

Sai zafin Legas. Abin da ya kwana biyar a tanki cikin wannan gumi, wari zai fara dawowa ɗaki. In haka ta faru kuma bai kai ba, ka ƙara ruwa da bokiti har ya kai kashi biyu cikin uku, sannan ka juye. Haka za ka yi in za a ajiye motar. In kuma tafiya ce mai nisa, kamar a bi ta Ibadan da Ilori zuwa Arewa, ka juye kafin ka tashi, domin kowace lita kilo guda ce a kan taya.

Wajen juyewa, ka fara buɗe na masai, in ya gama sai na wanka ya biyo baya ya ɗauraye tiyon da ƙazantar ta bi. Ka rufe, ka zuba ruwa kamar bokiti guda a masai don kada ƙasan tankin ya bushe.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka juye a kwata ko bakin ruwa. Da damina kwatocin Legas ambaliya suke yi har cikin gidaje da kasuwanni, kuma ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a 2024 ba. Ka juye a sokawen gida da izinin mai shi, ko ka kira motar kwasar masai. Ka sa safar roba, ka wanke hannu da sabulu in ka gama.