Yadda za ka haɗa wayarka da rediyon motar haya

Malam, ka ce ka ɗauki hayar mota daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, wayarka kuma ta ƙi haɗuwa da rediyon motar ta Bluetooth. Fara da tsayar da motar, amma ka bar inji a kunne, domin motoci da yawa ba sa yarda a haɗa sabuwar waya suna cikin tafiya. Ka shiga wajen Bluetooth a allon motar, ka zaɓi ƙara sabuwar na'ura, sannan ka nemi sunan motar a wayarka. Lamba za ta fito a duka biyun, ka tabbatar iri ɗaya ce. Tsofaffin rediyoyi kan nemi 0000 ko 1234.

Wani abin da kan hana haɗuwa a motar haya shi ne wayoyin waɗanda suka riga ka sun cika gurbin ajiye sunayen wayoyi a rediyon. Ni ma na taɓa shan wannan wahala a bakin Babbar Kasuwa, ina ta zufa, sai da na goge tsofaffin sunaye biyu ta kama.

Don Allah idan motar ta nemi kwashe lambobin mutanenka, ka ƙi. Kuma kafin ka mayar da makulli, ka goge wayarka daga motar.