Amsar tambaya kan ƙaramar kwamfutar gem ɗin arcade

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwan da ya tambaya wacce kwamfuta ce mafi ƙanƙanta da zai cusa cikin akwatin gem irin na da, har yana maganar Pi Zero 2 W, ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi, to ga amsa. Ni abin da na fahimta, ba girma ne damuwarka ba, so kake ka kunna ta yi gudu ba ta sarƙewa. Saboda haka fara sanin gem mafi nauyi da za ka buga.

In su Street Fighter II na 1991 ne, da Metal Slug, da King of Fighters 98, wato na Capcom da Neo Geo, Raspberry Pi 4 mai giga 2 ta ishe ka. Ka sa mata Batocera a katin memori, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar don buga tsofaffin gem, ka buga su da FinalBurn Neo, manhajar da ke kwaikwayon injinan arcade. Kar ka zuba kuɗi a mai giga 8, waɗannan ba RAM suke ci ba, saurin furosesa suke nema. Ita Zero ɗin mega 512 gare ta, ramin USB ɗaya tak na jona kaya. Hannu biyu za ka sa, sai ka sayi abin raba USB, ka sayi adaftar HDMI, ƙanƙantar duk ta ƙare a tarin wayoyi.

Amma in ranka na kan masu 3D, irin Tekken 3 na arcade a MAME, wata manhajar kwaikwayon injinan arcade, ka bar maganar Pi. Nemi ƙananan kwamfutocin nan na ofis na hannu, Lenovo Tiny, HP EliteDesk Mini ko Dell OptiPlex Micro, mai furosesa i5-6500T ko 8500T. Faɗinsu wajen santimita 18, kauri bai kai 4 ba, akwati zai ɗauka. Duba bayanta kafin ka biya fa, da yawansu DisplayPort ne, ba HDMI. In sabuwa kake so, mai Intel N100, ba ta shan wuta sosai.

Yanzu maganar caja, don wallahi nan ake cutar kai. Pi 4 tana son bolt 5, amfiya 3. Pi 5 kuma amfiya 5, wat 27, in ka ba ta ƙasa da haka sai ta rage wutar da take ba ramukan USB zuwa miliamfiya 600. Mutum zai ɗauko cajar waya da siririyar waya mai tsawon mita biyu, wuta ta faɗi ƙasa da bolt 4.63, Pi ta rage gudu da kanta, sauti ya fara kakkarya, sai ya shigo nan yana cewa an sayar masa da jabu. Ba jabu ba ce! Rubutun jikin caja ma ba hujja ba ne, wata an buga mata amfiya 3 amma da an ɗora mata nauyi take zubewa. Kuma wayar kanta, gajera mai kauri, ka ji ko? Sannan an ɗauke wuta Pi tana cikin rubutu a katin memori, gobe ta ƙi tashi. Ka kashe ta daga cikin manhajar, ka kuma ajiye kwafin katin. Katin ma gwada shi da H2testw, manhajar duba ainihin girman kati, na jabu sun cika kasuwa.

Zafi kuma, Pi tana kaiwa digiri 80 take fara ja da baya. Rufaffen akwatin katako a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, ai ba sai an faɗa ba. Fanka dole, ka huda akwatin ƙasa da sama, lokacin hunturu ka riƙa hure ƙura.

Af, Pi 5 ba ta da ramin sauti na milimita 3.5, in da amfilifaya za ka haɗa sifika sai ka nemi ƙaramin katin sauti na USB.

Wanda ya ce gem yana buɗewa ya koma baya, wannan ba laifin kwamfuta ba ne. MAME 2003 sai fayilolin gem da aka shirya wa MAME 0.78 yake karɓa, na Neo Geo kuma sai neogeo.zip, fayil ɗin da ke tayar da injin Neo Geo, yana tare da su. Jinkirin maɓalli, sa talabijin a Game Mode, ka yi amfani da hannu mai waya. Maganar sanda da maɓallan buga gem na kamfanin Sanwa... a'a, wannan doguwa ce, turo sunan gem ɗin da girman cikin akwatin tukuna.