Tambaya da Amsa: In Sayar da Littattafaina In Koma Gida da Na'ura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, kuma a ƙarshen wannan shekarar karatun nake sa ran kammalawa in koma gida. Tun zuwana nake tara littattafai, wasu da ɗan abin da nake tsimi daga alawus, wasu kuma kyauta aka ba ni, har sun cika kwalaye a ɗakina. Da na tuntuɓi masu kago a Jidda, sai kuɗin aika su ya tayar mini da hankali. Abokaina suna cewa in sayar kawai, tunda duk abin da ke cikinsu yana cikin Shamila, wato manhajar littattafan Larabci, da fayilolin PDF, kuma zamanin takarda ya wuce. Shin littafin na'ura ya isa ya maye gurbin na takarda? Daga wani ɗalibi, Madina.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa a gama lafiya, ya sanya albarka a cikin abin da aka karanta. Ɗan'uwa, ban yarda ka sayar da su gaba ɗaya ba, kuma ban ce ka kwashe su gaba ɗaya ba, domin ba duk littafin da ke cikin kwalayen nan ne yake yi maka aiki iri ɗaya ba.

Abokanka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Fathul Bari, sharhin Sahihul Bukhari, shi kaɗai mujalladi 13 ne a sanannen bugunsa, ga shi yawancin jiragen da ke zuwa gida jaka biyu mai kilo 23 kowace suke ba fasinja, wato manyan littattafai irinsa biyu ko uku sun cinye maka nauyin tun ba ka sa riga ko ɗaya ba. Shamila kuwa ta tattara dubban littattafan Larabci kyauta a cikin abin da ke shiga aljihu, kuma hadisin da malamanmu na da suke kwana suna buɗe mujalladai kafin su gano inda yake, yau kalma biyu za ka rubuta ya fito maka da duk wuraren da aka kawo shi. Wanda idonsa ya yi rauni yana iya ƙara girman rubutu, kuma gara ba ta cin fayil, ruwan damina ba ya jiƙa shi. Wajen neman mas'ala da bin diddigin magana, na'ura ta riga ta yi wa takarda nisa.

Sai dai neman mas'ala daban, zama da littafi daban, kuma hujjar wannan tana nan kusa da kai. Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, tana fitar da mus'hafi mai shafi 604 da rubutun hannun Usman Ɗaha, layi 15 a shafi, kowane shafi yana ƙarewa da ƙarshen aya. Ka saurari mahaddaci idan aya ta kuɓuce masa, za ka ji yana cewa ai tana saman shafin dama, ko tana kusa da ƙarshen shafin hagu, domin idonsa ya haddace wurin da take kamar yadda harshensa ya haddace lafazinta, shi ya sa malaman hadda suke hana ɗalibi sauya mus'hafi. Masu manhajojin Alƙur'ani na waya sun gane haka, sai da yawansu suka ɗauko shafin nan yadda yake suka sanya. Rubutun da ke gangarowa a fuskar waya, wanda yau layin yana sama gobe yana tsakiya saboda an sauya girman haruffa, ba ya ba ƙwaƙwalwa wannan madafa, kuma matanin fiƙihu ko nahawu da kake son ya zauna maka yana buƙatarta.

Masana ma sun auna abin. A 2018 wasu masu bincike, akasarinsu daga Jami'ar Balensiya ta ƙasar Sifaniya, sun haɗa sakamakon nazarce-nazarce 54 da suka shafi mutum fiye da 170,000, suka ga cewa mai karanta rubutun ilimi a takarda ya fi fahimtarsa a kan mai karanta shi a fuskar na'ura, musamman idan lokaci ya ƙure, amma a wajen labarai ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen raba wa 'yan makaranta na'urori, ta sanar a 2023 cewa za ta zuba kuɗi a dawo da littattafan takarda ajujuwa. Ni kuma zan ƙara abin da kowa ya sani ba sai an auna ba, cewa wayar da kake karatu a kanta ita ce saƙon WhatsApp yake shigowa ta cikinta kana tsakiyar sakin layi.

Akwai wani abu game da Shamila da ya kamata mai shirin zama malami ya riƙe. Rubutun da ke cikinta ba hoton littafin ba ne, sake shigar da shi aka yi, saboda haka akan sami ɗigon da ya faɗi, ko kalmar da ta juye, ko layin da aka tsallake, kuma a Larabci ɗigo ɗaya yana iya sauya sunan mai ruwaya ko ma'anar hukunci. Idan ka gano magana a can, ka koma hoton bugun littafin ka gani da idonka kafin ka ɗauke ta zuwa mumbari ko aji, kamar yadda mai duba kundin binciken digiri yake neman a faɗa masa bugu da mujalladi da shafi.

Batun mallaka ma abin lura ne. A 2009 kamfanin Amazon ya goge wasu littattafai daga na'urorin karatu na Kindle na mutanen da suka riga suka biya, saboda matsalar haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu, kuma a 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan na'ura, waɗanda aka saya a can suka daina buɗuwa. Fayil ɗin da ka sauke ka adana da kanka ya tsira daga irin wannan, amma bai tsira daga satar waya ko mutuwar kwamfuta ba. Rubuce-rubucen malaman Sakkwato na shekaru 200 da suka wuce har yau ana buɗe su a karanta, alhali faifan kwamfuta na shekaru 30 baya da wuya ka sami na'urar da za ta buɗe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne inda za ka koma. Ba kai kaɗai za ka ci moriyar littattafan nan ba. Idan ka zauna a zaure ko a masallaci bayan magariba, yaron da ke gabanka wataƙila ba shi da babbar waya, ko yana da ita babu caji saboda an kwana biyu ba a kawo wuta ba. Littafin takarda za ka miƙa masa ya je da shi gida, ya dawo da shi wani ya karɓa, bayan ranka kuma ya zama waƙafi ana yi maka addu'a. Na'urarka kuwa ba za ka ba da aronta ba, domin duk maktabarka ce a ciki.

Saboda haka ka zauna ka tace. Duk littafin da ka karanta a gaban malami, a jami'a ne ko a halƙoƙin karatu na Masallacin Annabi (SAW), wanda gefen shafinsa ke ɗauke da bayanin da ka rubuta da hannunka lokacin da malamin yake magana, wannan ba na sayarwa ba ne ko nawa kago zai ci, domin babu kwafinsa a ko'ina. Haka matanonin da kake sa ran karantarwa, da duk bugun da aka yi masa kyakkyawan tahƙiƙi, wato tantance rubutunsa, wanda ka san samunsa a Kano ko Yamai zai yi wuya. Manyan ƙamus da littattafan tarihin maruwaita, waɗanda ake leƙawa a rufe, su ne za ka iya wadatuwa da hotonsu, ka bar na takardar ga ƙannenka ɗalibai sababbin zuwa, da sauƙin farashi ko kyauta. Littattafan malaman da ke raye, ko waɗanda maɗaba'arsu ba ta yarda a yaɗa su ba, ka saya ka riƙe, domin akwai haƙƙin masu wahala a ciki.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka fara tun yanzu. Ka haɗa kai da abokan da za ku koma tare ku aika ta jirgin ruwa, wanda ya fi na sama sauƙi ko da yake yana ɗaukar lokaci, ku naɗe kowane kwali da leda saboda danshi. Fayilolinka kuma ka sauke su duka tun kana inda intanet ke da ƙarfi, ka adana su a wuri biyu, ɗaya a kwamfutarka, ɗaya a ma'ajiya ta daban wadda ba za ka sa a jaka ɗaya da kwamfutar ba.