Amsa ga ƙanina mai tambaya kan azumin Lenti

Salamar Ubangiji ƙanina. Tun jiya da dare naga tambayarka, kace abokan aikinka musulmi suna ce maka namu ba azumi bane tunda muna shan ruwa har muna ɗan taɓa abinci, kana so kasan ko ka koma yi daga asuba zuwa faɗuwar rana irin nasu. Da maganar na kwana a raina don nima ta taɓa damuna.

Abinda Ikilisiyar Katolika ta ɗora mana a Lenti, wato lokacin azumin da ke zuwa kafin Ista, ba yawa. Kwana biyu ne na dole, Larabar Toka da ake fara Lenti da ita, da Juma'a Mai Kyau ta tunawa da mutuwar Yesu, ka ci sau ɗaya ka ƙoshi sai ɗan abin taɓawa sau biyu wanda ko an haɗa su basu kai wancan ba, ruwa kuma ba a hana ba. Daga shekara 18 zuwa 59 ne, mara lafiya baya ciki. Nama kuma mai shekara 14 zuwa sama ya barshi duk Juma'ar Lenti. Da can yafi haka tsanani, Paparoma Bulus na 6 ne ya sassauta a 1966. In kana da ƙarfin ƙarawa ka ƙara, babu mai hanaka, da yawa a Zumuntar Mata shida na safe zuwa shida na yamma muke yi. Amma kada kayi don a daina maka magana a wurin aiki.

Bari in gaya maka nawa. Akwai shekarar da nayi shida zuwa shida ko ruwa bana sha, ga zafin watan Maris, duk Juma'a ina addu'ar Hanyar Gicciye, tasha 14 ɗin nan na tunawa da wahalar Yesu, ina durƙusawa a kan siminti har gwiwata tayi baƙi. Amma a gida ɗaya muke da faccalata kusan shekara biyu ko gaisuwa babu, akan kuɗin adashe da ta ci bata biya ba. In na hango ta a bakin rijiya sai in ajiye bokiti in jira ta gama. Da naje furta zunubi na lissafa ƙananan abubuwa, sai Fada, wani dattijo ne, ya tambayeni a hankali yace akwai wanda bakya magana dashi? Nayi shiru. Yace in je in karanta Ishaya 58, wanda dama shi ake karantawa a Misa ranar Juma'ar da ke bin Larabar Toka, inda Allah yake tsawata wa masu azumi suna faɗa da juna, yace azumin da yake so shine a kwance wa mutum ɗauri a raba abinci da mai jin yunwa. Na sha jin wurin nan amma ranar ji nayi kamar sunana aka kira.

Kwana uku ina juya abin. Ranar Alhamis Mai Tsarki, wato jajibirin Juma'a Mai Kyau, bayan mun dawo daga Misar wankin ƙafa na zuba tuwo da miyar kuka a kwano naje ƙofar ɗakinta nayi sallama, hannuna na rawa. Ta ɗaga labule ta kalli kwanon ta kalleni sai kawai ta fashe da kuka, ashe kuɗin asibitin mamanta tayi dasu kunya ta hanata faɗa. Ban sake tada maganar kuɗin ba har yau.

Tun daga nan ina da gwangwanin madara a bayan katifa, kuɗin naman da ban saya ba duk Juma'a ciki nake sawa, kafin Ista in auni masara in kai wa wata gwauruwa a layinmu. Bisharar Larabar Toka ma ai Matiyu 6 ce, sadaka da addu'a da azumi tare aka ambace su, kuma aka ce ka wanke fuska kada mutane su gane.

Su abokan naka kada ka ja dasu, suna shan wuya a nasu ka girmama. A 2025 kwana kaɗan ne tsakanin fara Ramadan da Larabar Toka, maƙwabciyata kullum sai ta aiko min kunu da ƙosai lokacin shan ruwa, ni kuma da Ista na kai mata shinkafa. In sun sake tambaya ka gaya musu yadda namu yake cikin natsuwa. Ni kuma tambayar Fada nake maka ƙanina, akwai wanda baka magana dashi?