Kada Ka Bar Su Su Kwana A Akwati Ɗaya

Ɗana, ka tambaye ni ko za ka iya haɗa namiji da macen sarkin macizai, wato macijin da Turawa ke kira kingsnake, a akwati ɗaya ka tafi harkarka har su yi barbara. Ba za ka iya ba. Wannan maciji ba shi da dafi, amma a dajin Amurka macizai na cikin abincinsa, har masu dafin, kuma ba ya ƙyale ɗan'uwansa idan yunwa ta kama shi.

Tambayarka ta fama mini wani miki. Ina da namiji irin mai launin toka da zobba ruwan lemo, wanda asalinsa duwatsun yammacin Tekzas ne da arewacin Meziko. Tun yana ɗan ƙyanƙyasa ya ƙi ɓera, domin ƙadangare irinsu suka sani, sai da na riƙa goga wa jariran ɓeraye jikin ƙadangare kafin ya yarda ya ci. Da ya balaga na sanyaya shi wata 3 a firiji, a kan digiri 10 zuwa 13, saboda zafin Akra ba ya motsa su su hayayyafa, kuma duk daren da aka ɗauke wuta kuɗina ne ke ƙonewa a janareta.

Sai wani mai sayar da mesa a nan Nima ya zo ya roƙi aronsa don ya haɗa shi da macen sarkin macizai da yake da ita, bisa sharaɗin mu raba 'ya'yan. Na ja masa kunne cewa ya ƙosar da macen kwanaki kafin haɗin, ya tsaya a kansu, ya raba su da zarar sun gama. Ya rufe su ya tafi barci. Washegari ya zo yana rantsuwa wai macijin ya tsere, alhali yaronsa ya shaida mini daga baya cewa macen ta amayo shi ɗungurungum. Har yau bai biya ni ko sisi ba, kuma ban yafe ba.

Ku yaran zamani kuna son kuɗin ƙwai, amma zaman awa guda a gaban akwati ba waya a hannu ya fi ƙarfinku. Batun ruwa da shara ba sai na faɗa maka ba. Idan macen ta saka ƙwai, ka ajiye su a wuri mai laima a kan digiri 27, kada ka juya su, ka jira kimanin kwana 60, sannan kowane ɗa ka ba shi akwatinsa tun ranar da ya fito.