Ga ƙanwata mai son sayen waya ta hannu a Adum, cikin Kumasi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce wani ya yi miki tayin iPhone ta hannu a Adum da araha, kina tambayar me za ki duba kafin ki biya. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi.

Kun san sana'ata, mayafai da atamfa, kuma duk cinikina a WhatsApp yake. Bara da azumi wayata ta faɗa ruwa, na je wajen PZ, inda ake sayar da wayoyi a Adum, neman wata. Wani yaro ya tare ni, da ya ji harshena sai ya juya Hausa, "Hajiya, mamana", wai shi ma ɗan Zango ne, har lungunan Aboabo yake lissafa mini. Wayar da ya nuna mini Samsung ce tsaf, ko ƙwarzane babu. Ya rantse da Allah tasa ce, matarsa ce ta haihu yake neman kuɗin suna. Na ba shi sidi 1,800, na ƙara masa na mota, har addu'a na yi wa jaririn.

Ana gab da sallah, ina tsakiyar kasuwar Kejetia da kaya a ka, wata tana jiran in tura mata hoton leshi, sai allon ya rufe. Rubutu ya fito wai ba a biya kuɗin wata ba. Ashe wayar bashi ce, irin wadda ake biya kaɗan-kaɗan, ya ba da kuɗin farko ya sayar mini. Hotunan kayana, lissafin masu bashina, duk suna ciki. Na zauna a kan matakala da azumi a bakina ina danna ta ina hawaye, mutane suna tsallake ni. Na koma inda ya tsaya, masu shagunan suka ce ba su taɓa ganinsa ba. Lambarsa a kashe. Kuɗin ba su dame ni kamar rantsuwar nan ba, a watan Ramadan, da sunan jariri. Har yau ban yafe masa ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Don haka ƙanwata, duk wanda ba shi da shago, ki bar shi ko da kyauta zai ba ki. Ki nemi rasit mai suna da lamba, ki ga Ghana Card ɗinsa. Idan ya fara "yi sauri Hajiya, wani na jira", tafi abinki.

Tunda iPhone ce, babbar maganar iCloud ce, wato asusun Apple da ke kulle wayar da sunan mai ita. Ya cire nasa a gabanki, a goge wayar gaba ɗaya, ki sa naki, sannan kuɗi su fita daga jakarki. Wadda ta zo da iCloud ɗin wani, kada wani mai gyara ya ruɗe ki da cewa zai buɗe. Android ma haka take da asusun Google. Ki danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ki gwada ta da wadda ke cikin saitin da ta jikin kwali in akwai, a rubuta ta a rasit. Wayar sata ana bin sawunta, kuma dokar Ghana ta 1960 ta hukunta karɓar kayan sata, wanda aka samu da ita a hannu shi zai fara bayani a ofishin 'yan sanda.

Ki sa layinki a nan take, MTN ko Telecel, ki kira wani ki ji murya, don wasu suna zuwa a kulle da layin Turai. iPhone 14 ta Amurka ma ba ta da ramin sim sam. Batir in ya sauka ƙasa da kashi 80 ki sa kuɗin sabo a lissafi. Ki gwada caji, kyamara, lasifika. Kada kuma ki yarda da iPhone 6, WhatsApp ya daina aiki a kanta tun 2025. Bayan kin gwada kada ki mayar masa ya sa miki a leda, nan ake musanya.

Ni dai da za ki ji tawa, ki tafi da yayanki ko mai gyaran da kika sani, don kullen bashin nan idona bai gan shi ba, sai wanda ya san aikin. Kuma wa ya ce dole sai iPhone? Yaranmu sun ɗora wa kansu wannan wahala. Sabuwar Tecno a kwalinta nake riƙe da ita yanzu, kayan gyaranta ko'ina akwai. Masu bashina kuwa a littafi nake rubuta su, akwai wadda ta ci mini kuɗin mayafi tun wancan lokacin, ta ce in nuna mata shaida.