Allurar baya lokacin naƙuda: in biya ko in daure?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Cikina wata takwas, haihuwar fari. A wajen awo an ce za a iya yi mini allurar baya don rage zafin naƙuda, amma kuɗinta daban. Innata ta ce duk wadda aka yi wa, ita da ciwon baya har tsufa. In biya ko in daure? Mai ciki, daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sauke ki lafiya. Inna don ƙauna ta faɗa, amma efidural, wato allurar bayan, ba ta barin ciwon baya na dindindin. Wurin allurar zai yi tsami kwana biyu-uku. Ciwon bayan masu jego kuwa, har waɗanda ko allura ba su gani ba suna kuka da shi.

Tana da illolinta. Jini kan sauka, shi ya sa ake ɗaura ƙarin ruwa ana ta aunawa. Ƙafafu su yi nauyi, fitsari ya ƙi fita sai an sa roba, wata ta yi ƙaiƙayi ko zazzaɓi, nishin ƙarshe ya ɗan ja lokaci. Wanda na fi so ki riƙe shi ne ciwon kai. Kusan mace 1 cikin 100 ke samunsa, idan allurar ta huda tantanin da ya lulluɓe laka. Kin zauna ya taso, kin kwanta ya lafa. In kin ga haka ki koma asibiti, akwai maganinsa. Kada a zaunar da ke gida ana ba ki Panadol.

In kuma aka ce fetidin, wata allurar rage zafi, za a yi miki a cinya, ta fi araha, tana kamawa cikin minti 20, ta yi awa 2 zuwa 4. Sai dai tana sa jiri da amai, kuma tana ratsa mabiyiya: in an yi ta dab da haihuwa, jariri kan fito numfashinsa a sanyaye, ya yi kasalar kama nono. Mai sikila ana kauce mata da ita, don tana iya jawo jijjiga.

Kafin ki biya, tambaye su ko likitan sa barci, mai yin allurar bayan, yana kwana a asibitin, tunda naƙuda ba ruwanta da lokacin tashi daga aiki. Ki kuma sanar da su in ana yi miki allurar tsinka jini ko kina da hawan jinin ciki. In likitan yana nan, kuma kuɗin ba zai taɓa abin da maigida ya ajiye don jini ko tiyatar gaggawa ba, ni dai na ce ki karɓa.